Haƙorina na Makka da Yanar Idona

Ni tela ne. A Kurfi aka haife ni, a nan na koyi taka keke a rumfar ƙanen mahaifina, a nan kuma nake zaune har yau. Karatuna allo ne da firamare, sai abin da na ƙara da kaina daga baya. Wanda ya ga gargada a rubutun nan ya yi mani uzuri. Abin da ba na neman uzuri a kansa shi ne halina. Ina da son a gan ni, kuma idan na kafe a kan abu, ko ni kaina ba na iya tanƙwara kaina. Allah Ya yafe mani, Ya saka wa waɗanda suka yi haƙuri da ni.

Shekarar da Allah Ya nufe ni da sauke farali, na sa haƙorin Makka. A wani ɗan shago ne, bayan mun gama aikin hajji muna jiran jirgi. Mai shagon ya goge mani haƙori guda na sama, wajen hagu, da wani ɗan inji, ya kwaɓa wani abu kamar siminti, ya kifa ƙarfen a kai. Ya miƙo mani madubi. Ban taɓa ganin abin da ya burge ni kamar bakina a wannan rana ba.

Da na dawo gida, har dariyata ta sauya. Na koyi ɗaga leɓen hagu fiye da na dama. Uwargidana ce ta fara lura.

"Alhaji, iska ce ta buge ka a jirgi? Na ga bakin ya karkace."

"Ke dai ba ki san ado ba," in ji ni.

Kullum da asuwakina a aljihu, amma gaskiyar magana haƙori ɗaya nake yi wa hidima. In goge shi da asuwaki, in bi shi da bakin rigata har ya yi ƙyalli. Sauran kuwa sai dai in shafe su sama-sama. Ga ni da goro, daga na karya kumallo har in tashi daga rumfa akwai ɓari a bakina. Yawuna kullum ja ne, kuma ban taɓa tunanin komai a kai ba, tunda kowane mai cin goro haka nasa yake. Idan haƙorin ya ɗan motsa mani da zogi, in tauna kanumfari in danna a wurin, ya lafa, in manta.

Shekaru suka tafi a haka, sai idona na dama ya fara hazo. Da farko kamar hayaƙi ne siriri, daga baya ya koma kamar ina leƙen duniya ta cikin farin ƙyalle. Zura zare a allura ya zama yaƙi. Ina iya ɓata lokaci mai tsawo ina soka zare a iska, in wani ya tsaya a bakin rumfa sai in yi kamar ina gyara kwarkwaro. Na hagun ma ya fara bin sahu. Tela kuwa ba shi da jari sai idonsa. Ba ni da gona mai kirki, ba ni da wata sana'a. Idan idon ya tafi, sai dai a lulluɓe keken a jingine shi a zaure.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, manomi a Rawayau. Tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba, amma duk wata tafiya tawa a kan mashin ɗinsa take. Shi ya ɗauke ni ya kai ni asibiti a Dutsin-Ma. Likitan ido ya haska mani fitila, ya ce yanar ido ce, kuma aikinta ba wuya. Har na fara murmushin hagu. Sai aka soki yatsana aka auna, ya dubi sakamakon ya girgiza kai.

"Alhaji, kana da ciwon suga?"

"An taɓa faɗa mani haka."

"An taɓa faɗa maka! To ba zan taɓa idon nan ba sai suga ya sauka. In na yanka a haka, wurin ba zai warke da kyau ba, ƙwayar cuta tana iya shiga, mu yi asarar idon gaba ɗaya."

Ya tura ni ɓangaren masu ciwon suga. Daga nan na zama ɗan gida a can. Duk wata sai taubashina ya zo ya ɗauke ni da sassafe, ba a karya ba, domin haka dokar awon take: kada a ci komai, malamar asibiti ta ce ko goro kada a kai baki. A soki yatsa, a ba da magani, a ce a dawo. Na kama shan ƙwayoyina a kan kari. Uwargida ta daina sa mani suga a koko da fura, ta rage mani tuwo ta ƙara ganye. Sugan ya ɗan sauka, sai ya tsaya cak a wani wuri ya ƙi gaba. Duk lokacin da na leƙa wurin likitan ido, amsa ɗaya ce: da saura.

A nan akwai abin da ya kamata in faɗa. Idan likita ya tambaye ni ko na bar suga, nakan ce na bari, kuma a gida na bari ɗin. Amma akwai mai shayi kusa da rumfata. Nakan ce mashi, "Sa kaɗan," sai in kau da kai in kalli titi har ya gama juyawa. A lissafina, tunda ban ga yawan abin da ya zuba ba, ban yi wa likita ƙarya ba. Astagfirullah. Mutum yana iya yaudarar kansa da abin da ko yaro ba zai yarda da shi ba.

Wata rana muna zaune a kan benci muna jiran layi, sai ga wata mata ta shigo, dattijuwa, gajera, da tabarau a kan hanci, bayanta samari da 'yan mata cikin fararen riguna. Malamar asibiti ta ce mana wannan babbar likitar haƙori ce, waɗannan kuma sababbin likitocin haƙori ne da take koyarwa, za su zauna da mu yau.

Taubashina ba ya iya magana a hankali. Ya ce, "To mu da muka zo da ciwon suga, mi ya haɗa mu da masu tuge haƙori? Ko sun rasa kasuwa can?"

Hajiyar ta ji. Ta juyo ta dube shi ta saman tabarau.

"Malam, da za ku fito, a gida kuka baro bakinku?"

"A'a, Hajiya, da shi muka taho."

"Na ji alama. To shi muka biyo."

Aka yi dariya, har shi. Ta rarraba ɗalibanta, kowane da majinyacinsa. Ni aka haɗa ni da wata matashiyar likita, doguwa, mai saurin hannu. Ganin mace ce mai ilimi ta zauna a gabana, sai na gyara hula na sakar mata murmushin nan nawa. Ta sa safar hannu, ta ɗauko ɗan madubi mai mariƙi.

"Baba, buɗe baki."

Kafin in buɗe, Hajiyar ta iso ta dafa mata hannu.

"Wa kika zo gani, bakin ko mai bakin? Ajiye madubin nan. A wurina ba a buɗe bakin kowa sai an san jikin da yake ɗauke da shi. Fara daga ƙafa ki hau."

Yarinyar ta ji kunya, ta ajiye. Ta gaishe ni sosai, ta tambayi sana'ata da abin da ya kawo ni. Daga nan ta shiga tambaya: ko ina da ciwo a ƙafa da ya ƙi warkewa, ko ƙafafun suna yi mani dindiris, ko fitsari yana yawan tashina, ko bakina yana bushewa, wane magani nake sha, akwai hawan jini ko babu. Ban taɓa jin mai haƙori ya tambayi mutum ƙafarsa ba. Na amsa abin da na ga dama, na gyara abin da na ga dama.

"Shayi fa, Baba?"

"Na bari, 'yata."

"Ƙarya yake, likita!" in ji taubashina daga bayana. "Ko jiya da kofi na iske shi. Cokali yana tsayawa a ciki."

"Kai bawa, wa ya sa da kai?"

"Ni na ɗauko ka, ni zan maida ka. In ka makance ni za a bar wa jan sanda."

Likitar ta danne dariya ta ci gaba. "Dasashinka yana jini?"

"Ko kaɗan."

"In ka yi asuwaki ka tofar, yawun wane launi ne?"

"Ja mana. Ai goro ne."

Ta gyaɗa kai za ta wuce, Hajiyar ta ce, "Tsaya. Tambaye shi yaushe rabonsa da goro."

Na ce tun jiya da la'asar, saboda dokar awo. Hajiyar ta ɗauko farar auduga ta miƙa wa ɗalibar, ta ce ta danna mani a dasashi a hankali. Ta danna sama, ta danna ƙasa, ta ciro ta kawo kusa da idona mai ɗan gani. Audugar ta yi jawur.

"Alhaji," in ji Hajiyar, "wannan goron na yaushe ne?"

Na tsura wa audugar ido. Shekara da shekaru ina tofar da jinina a gindin rumfa ina ce mashi goro.

Hajiyar ta kira sauran ɗaliban suka kewaye ni, bayan ta nemi izinina. Ni kuwa, Allah Ya shirye ni, har cikin wannan hali sai da na ji daɗin taron. Ta ce musu su riƙe wannan: a ƙasar nan, in ka tambayi mai cin goro ko bakinsa yana jini, zai ce a'a, kuma ba ƙarya yake nufi ba, bai sani ba ne. Kada a tsaya a tambaya, a duba. Sannan ta juyo gare ni ta yi mani bayani da Hausar da zan gane. Ta ce ciwon suga yana raunana dasashi, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama tsakaninsa da haƙori. Su kuma in sun zauna, jiki kullum cikin faɗa yake da su, wannan faɗan kuwa yana hana suga sauka yadda ya kamata. Kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi.

"Da a ƙaurinka wannan gyambon yake," in ji ta, "da ba ka yarda ka yi yawo da shi ba ko na mako ɗaya. Don dai yana inda ba ka gani ne."

Ɗalibar ta ci gaba da dubawa, har ta iso kan haƙorin Makka. Ta ɗan ƙwanƙwasa shi da mariƙin madubi, na zabura kamar an soka mani allurar keke. Ta danna dasashin samansa, na ji wani abu mai ɗaci ya zubo mani a harshe. Suka dubi juna ita da malamarta. Aka kai ni aka ɗauki hoton haƙorin. Da aka dawo, ɗalibar ce aka sa ta faɗa mani. Ta ce haƙorin da ke cikin ƙarfen ya daɗe da ruɓewa, mugunya ta taru a saiwarsa, ƙashin wurin ma ya fara cinyewa. Ba ya gyaruwa. Sai an cire.

Na miƙe na kaɗe rigata.

"Ku wanke sauran in kuna so. Wannan kam da shi za a kai ni kabari."

Hajiyar ba ta yi gardama da ni ba. Ta ce, "Bakinka ne, Alhaji, idonka ne kuma. Muna nan duk ranar masu suga."

A hanya taubashina bai bar ni na huta ba. Iska tana kwashe rabin maganarsa, rabin da ya iso kunnena ya ishe ni.

"Wai kai a haƙori ka ƙunso hajjin naka? In an cire sai ka koma Malam?"

"Tuƙa mashin ɗinka."

"Ni fa ina tausayin mala'ikun da za su tambaye ka. Su ce ina aikinka, ka yi musu murmushin hagu."

A gida uwargida ta saurari labarin tana tsince wake. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne. Ta ce, "Alhaji, ni na daɗe ina jin warin, kunya ce ta hana ni faɗi. In ka juyo za ka yi mani magana, numfashi nake riƙewa." Wannan magana ta yi mani ciwo fiye da ƙwanƙwasar likita. Maimakon in gode mata, sai na yi fushi na ƙi cin tuwo. Na koma wa kanumfari, na ƙara da ruwan gishiri da jiƙon bagaruwa. Wata ya zagayo, na ce wa taubashina ba ni zuwa asibiti, ina da aiki.

Ina so in ce tsoron Allah ne ya mayar da ni, ko tausayin iyalina. Ba haka ba ne. Ranar kasuwar Kurfi ce, ana shirin ƙaramar salla, lokacin da tela ba ya samun sukunin sosa kai. Ina zaune a rumfa, sai ga wani dattijo da na fi shekara ashirin ina yi wa ɗinki, shi da 'ya'yansa. Na gane shi da muryarsa. Ya tsaya muka gaisa, ina jin ƙarar sabuwar shadda a cikin leda a hammatarsa. Na miƙa hannu zan karɓa.

"A'a, Alhaji, bari dai," in ji shi, da murya mai laushi kamar mai gaida mara lafiya. "Bana ka huta. Kada mu wahalar da idon nan. Allah Ya ba da lafiya."

Ya wuce rumfar gaba, ina jin su suna awo. Da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi. Na zauna ina lasar haƙorin da harshe, na ce a raina: kai da ba ka ko iya ganin kanka a madubi yanzu, wa kake yi wa ƙyalli? Girman kai ne ya hana ni, wani girman kan ne kuma ya kore shi. Washegari na aika Rawayau a kira mani taubashina.

Da muka shiga, Hajiyar ta dube ni ta saman tabarau. Ta dai ce wa ɗalibar, "Ga Babanki ya dawo." Na zaci nan take za a kama haƙori a tuge. Ashe Hajiyar tana da wata dokar tata. Ta ce ba a aika majinyaci wurin wani likita shi kaɗai, a ce je ka ka faɗa. Ɗalibar da kanta ta tashi ta raka ni har ofishin likitan suga, ta tsaya a gabansa ta zayyana mashi abin da ta gani a bakina da abin da take so ta yi. Shi kuma ya faɗa mata yadda sugana yake, ya gyara mani magani, suka yanke cewa a fara ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta, a yi aikin da safe bayan na karya na sha ƙwayata. Ina zaune ina kallon likitoci biyu suna shawara a kaina, ɗaya na baki ɗaya na jini, kamar masu ɗinka riga ɗaya, wannan da hannu wancan da wuya. Daga nan ma sai da ta leƙa ta gaya wa likitan ido.

An fara da wanki. Aka kwantar da ni a wata kujera mai komawa baya, aka sa mani wani ƙarfe mai tsuwa yana fesa ruwa. Abin da ya fito daga gindin haƙorana ba zan so maƙiyina ya gani ba. Ɓarɓashi ne baƙi-baƙi mai tauri kamar tsakuwa. Ɗalibar ta tara a auduga ta nuna mani, na ce, "'Yata, wannan ai ya isa cikon rami a hanyar Rawayau." Wankin bai ƙare a zama ɗaya ba. A zama na ƙarshe aka yi mani allurar kashe zafi, ta kama haƙorin da awartaki, Hajiyar tana tsaye a kanta tana cewa, "Kada ki ja, girgiza shi, ki bar shi ya yarda da kansa." Ban ji zafi ba, sai wani ɗan sauti a cikin kaina. Aka jefa shi a tasa ya yi ƙara.

Taubashina ya leƙo. "Likita, a ba ni shi. Ladan man da na ƙona ne."

Aka wanke aka ba shi. Bayan kwana biyu ya zo rumfa yana dariya har da riƙe ciki. Wai ya kai wa maƙerin farfaru, maƙerin ya goga a dutse ya ce ko ɗigon zinariya babu, gara ma murfin kwalba. Na ce ya fita mani daga rumfa. Bai fita ba, sai da ya ba duk layin teloli labari.

Kafin a sallame ni, ɗalibar ta zaunar da ni ta koya mani wanke baki kamar yaro. Ta ce asuwaki yana da kyau, in riƙe shi, amma in bi kowane haƙori ciki da waje, musamman inda ya haɗu da dasashi, in haɗa da buroshi mai laushi safe da dare. Sannan ta ce, "Baba, kada ka ce haƙorin nan kaɗai ne ya riƙe sugan. Mun cire namu. Saura na mai shayi." Wannan ɓangaren taubashina ya ɗauka. Ya je ya samu mai shayi da kansa. Daga ranar, da na ce "Sa kaɗan" na fara juya kai, sai mai shayi ya ce, "Alhaji, juyo ka kalla. An ce in ba ka kallo kada in zuba." Da idona a kai kuwa ba na iya cewa a ƙara. A hankali na koma shan shi haka nan, da ɗacinsa. Goro ma na rage, don yanzu ina so in riƙa ganin launin yawuna na gaskiya.

Ana cikin jiran sugan ya sauka, Hajiyar ta kawo wasu sababbin ɗalibai, waɗancan sun gama nasu zangon. Ta roƙe ni in riƙa zama musu, in amsa abin da aka tambaye ni kawai, kada in taimaka. Na karɓa hannu biyu. Kusan kowannensu da "Baba, buɗe baki" yake farawa. Ni kuwa in rufe bakina gam in kalli silin, har sai Hajiyar ta ce ya koma ya fara daga ƙafa. Wani ya tambaye ni komai amma ya manta magungunan da nake sha. Wata ta tambayi ido, ta gano maganar yanar idona da kanta, Hajiyar ta yaba mata. Abin ya yi mani daɗi, har tsohon halin ya motsa. Na fara ƙawata labarin. Mugunyar da aka samu ta tashi daga ɗigo ta koma cokali, daga cokali ta doshi ludayi. Rannan Hajiyar ta tare ni a gaban kowa.

"Alhaji, likitoci nake koyarwa. In ka ba su ƙarya, da ita za su tafi garuruwansu su yi wa mutane aiki."

Na sunkuyar da kai na ce ta yi gaskiya. Na maida ludayin ɗigo.

Sugan bai faɗo rana ɗaya ba. Wannan wata ya sauka kaɗan, wancan ya ƙara sauka. Dasashina ya daina kumburi, uwargida ta daina kau da fuska. Damina ta shigo ta fita. Rannan likitan ido ya dubi sakamakon, ya sake duba na watannin baya, ya ce, "To, yanzu ka zo." Aka sa rana. Aikin da na shekara ina jira bai kai tsawon ɗinkin wando ba. Aka rufe idon da bandeji, washegari aka buɗe.

Hasken da ya shigo sai da ya sa na yi salati da ƙarfi. Na ga zaren da ke jikin labulen ɗakin ɗaya bayan ɗaya. Na ga furfura a gemun taubashina, na ce mashi ashe ya tsufa haka ba wanda ya gaya mani. Ya ce ni ma in nemi madubi in ga giɓina.

Sai da aka ba ni izinin fita sosai na je masallacin Juma'a a Kurfi. A nan murnata ta gamu da abin da ban shirya mashi ba. Ina zaune a sahu, na ɗaga kai, sai na ga rigar mutumin da ke gabana. Ɗinkina ne, ko cikin dubu na san hannuna. Wuyan ya zame gefe guda, kafaɗar dama ta fi ta hagu faɗi. Na dubi gefe, ga wani da aljihu a karkace kamar zai zubar da abin da ke ciki. Can gaba ga wani, zaren aikin ƙirjinsa kala biyu ne, shuɗi da baƙi, ni kuwa a matsayin kala ɗaya na ɗinka su. Huɗubar ranar ban san me aka ce ba, Allah Ya gafarta mani. Riguna na yi ta ƙirgawa. Duk mutanen nan sun karɓa, sun yi godiya, sun sa sun fita cikin jama'a, ba wanda ya dawo ya kunyata ni.

Ana sallamewa na tsaya a bakin ƙofa ina tare su ɗaya-ɗaya. "Malam, don Allah gobe ka aiko mani da rigar nan." Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ba komai, na ce ni da komai. A gida na sa uwargida ta buɗe akwatinta. Akwai wata rigar atamfa da na yi mata, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kusan faɗin tafi.

"Haka kika riƙa sa ta?"

"Nakan naɗe shi ne in yafa gyale a kai. Har biki na je da ita."

"Mi ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na faɗi ta baki, ka ƙi cin tuwo."

Washegari da hantsi riguna suka fara isowa rumfa, na tara su a kan tabarma. Taubashina ya zo a mashin, sanye da wata koriyar riga da na yi mashi, maɓallanta suna tafiya kamar hanyar shanu. Na ce ya tuɓe ya ajiye a layi.

"Wallahi ba ni ba da ita," in ji shi. "Duk Rawayau an san ni da ita. In aka tambaye ni wa ya ɗinka, ina jin daɗin faɗi."

Na bar shi da ita. Idon hagu yana nan yana jiran nasa lokacin, kuma likita ya ce kada in cika wa na daman aiki, saboda haka riga biyu nake gyarawa a rana. Na jawo ta uwargida na sa a farko, na ɗauki reza, na fara farke hannun.